Rage Ƙiba da Motsa Jiki: Shin Suna Kare Zuciyar Mai Ciwon Suga?

A watan Satumba na 2012 hukumar da ke kula da binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta dakatar da babban sashen wani gwaji da ta shafe shekara 11 tana kashe wa kuɗi. Sunan gwajin Look AHEAD, kuma an kafa shi ne don ya amsa tambayar da kusan kowane likita yake ganin ya riga ya san amsarta: idan babban mutum mai ƙiba, mai ciwon suga nau'i na biyu, ya rage ci, ya riƙa motsa jiki har ya sauke nauyi, zai fi wanda bai yi haka ba tsira daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki? An ɗauki mutum 5,145 a cibiyoyi 16, matsakaicin shekarunsu kusan 59, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko aka ɗora su a kan tsari mai tsanani na ƙa'idar abinci da motsa jiki. Gida na biyu aka bar su da ɗan zaman wayar da kai sau uku a shekara a shekarun farko. Kowa a cikinsu ya ci gaba da ganin likitansa yana shan magungunansa. Da aka bi su kusan shekara 10, sai aka ƙirga waɗanda zuciya ta kashe, ko suka yi bugun zuciya, ko ɓarin jikinsu ya shanye, ko aka kwantar da su saboda ciwon ƙirji: mutum 403 a gida na farko, 418 a gida na biyu. Bambancin mutum 15 a cikin dubbai, wanda sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Masu sa ido suka ce ci gaba ba zai sauya sakamakon ba. Tun daga lokacin ake gardama a kan abin da wannan ke nufi, kuma gardamar ta shafi duk gidan da ke da mai ciwon suga.

Kafin a saurari ɓangarorin biyu, ya kamata a ga irin aikin da gida na farko suka yi, domin ya wuce shawarar nan ta minti biyu da likita kan bayar yana rubuta takardar magani. A wata shida na farko kowane mako sai sun halarci zama, a kowane wata uku a cikin rukuni, ɗaya ido da ido da mai ba da shawara. An ƙayyade musu kalori 1,200 zuwa 1,800 a yini gwargwadon nauyin mutum, kuma kada maiƙo ya kai kashi 30 cikin 100 na abin da suke ci. Da fari an maye musu abinci biyu na yini da wani abin sha da aka auna, ana ba su kyauta. Duk abin da ya shiga baki sai an rubuta shi a littafi. An sa musu burin minti 175 na motsa jiki a mako, mafi yawa tafiyar sassarfa, aka ba su na'urar ƙirga taku. Kuma aikin ya yi: a shekarar farko sun zubar da kashi 8.6 cikin 100 na nauyinsu, wato wajen kilo 8 zuwa 9 ga mutum mai kilo 100, yayin da ɗaya gidan suka zubar da kashi 0.7 kacal. Gwajin da ke nuna matsakaicin sugan wata uku ya sauka daga 7.3 zuwa 6.6. Ƙarfin numfashi da juriya sun ƙaru, hawan jini ya ɗan sauka. Daga nan nauyi ya fara komowa sannu a hankali. A ƙarshen gwajin gida na farko suna kan kashi 6.0, na biyu kuwa sun sauko da kashi 3.5, saboda tsufa da ciwo su ma suna rage nauyi.

Masu cewa a daina jingina lafiyar zuciya da wannan hanya suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba adalci ba ne a rage mata nauyi. Suna cewa duk abin da aka daɗe ana faɗa a kan amfanin rage ƙiba ga zuciya ya fito ne daga binciken da ake zuba wa mutane ido kawai, a ga masu motsa jiki sun fi tsawon rai, sai a ce motsa jikin ne dalili. Amma mai fita sassarfa kowace safiya galibi shi ne wanda ba ya shan taba, yake da abin hannu, yake zuwa asibiti a kan lokaci, kuma lafiyarsa ce tun farko ta ba shi damar fitar. Ƙuri'a ce kaɗai ke raba waɗannan abubuwa daidai tsakanin gidaje biyu, kuma da aka yi ƙuri'ar, da kuɗi da ƙwararru da shekaru masu yawa, amfanin bai bayyana ba. Ko da aka ci gaba da bin mutanen har kusan shekara 17, raguwar mace-mace a gida na farko kashi 9 ce cikin 100, ba ta kai matsayin da za a ce ba dace ba ne. Wani babban gwaji na Amurka a kan waɗanda suke dab da kamuwa da suga, wanda a 2002 ya nuna cewa sauya abinci da motsa jiki na rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, shi ma da aka waiwaye shi bayan shekara 21 ba a ga raguwar ciwon zuciya ba.

Sai su ɗora da kwatanci mai zafi. A 2004 an fitar da sakamakon gwajin CARDS a Birtaniya da Ayalan, inda aka ba masu ciwon suga 2,838 ko dai ƙwaya ɗaya ta atorvastatin mai miligiram 10, maganin rage kitsen jini, ko ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Shi ma an tsayar da shi kafin wa'adi, amma don amfanin ya fito fili: manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini sun ragu da kashi 37 cikin 100, shanyewar ɓarin jiki da kashi 48. A 2015 maganin empagliflozin ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin 100 a tsakanin masu suga da suka riga suka kamu da ciwon zuciya. A 2016 allurar liraglutide ta rage manyan matsalolin da kashi 13. To, in ji su, me zai sa a ɗora wa dattijo mai shekara 60 wahalar auna kowace loma shekara 10, alhali ƙwaya ɗaya da dare ta yi abin da wahalar ta kasa? Suna ƙarawa da cewa wahalar ba ta rasa illa. Waɗanda suka rage nauyi sun rasa wani abu na ƙarfin ƙashi, kuma karaya a ƙugu da kafaɗa ta ɗan fi yawa a cikinsu. Akwai kuma illar da ba a iya aunawa: wanda aka ce masa ransa na hannunsa, idan nauyin ya komo, kamar yadda yake komowa ga mafi yawan mutane, sai ya ɗauka laifinsa ne, ya ji kunyar komawa asibiti, iyalinsa kuma su riƙa yi masa gori a kan kwanon tuwo.

Masu kare abinci da motsa jiki sukan fara da tambayar su wane ne aka gwada. Ba kowane mai suga aka ɗauka ba. Sai wanda hawan jininsa bai kai 160 bisa 100 ba, wanda yake da likitan da ke duba shi, wanda ya iya rubuta abincinsa na mako biyu ba fashi, kuma ya ci jarrabawar tafiya a kan na'ura har iyakar ƙarfinsa ba tare da zuciyarsa ta nuna alamar matsala ba. Kashi 14 cikin 100 ne kawai suka taɓa yin ciwon zuciya. Wato an tace masu lafiyar cikin marasa lafiya. Waɗanda suka tsara gwajin sun yi lissafin cewa kimanin mutum 3 cikin 100 na gida na biyu za su gamu da matsalar zuciya kowace shekara, sai ga shi a shekarun farko ba su kai mutum 1 ba. Dole aka ƙara wa'adin, aka kuma faɗaɗa abin da ake ƙirgawa ya haɗa da kwanciya saboda ciwon ƙirji, wanda ya dogara da ra'ayin likitan da ya kwantar da mutum. Kamar a ce za a gwada ingancin yaɓen soro ne, sai daminar ta zo da ƙarancin ruwa: ɗakin da aka gyara da wanda ba a taɓa ba, duk ba su yi yoyon kirki ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce gida na biyu ba zaman banza suka yi ba. Likitocinsu sun fi ba su maganin kitsen jini da na hawan jini da insulin, har kitsen jini mai cutarwa ya fi sauka a wurinsu fiye da na masu ƙa'idar abinci. Tazarar nauyi kuma a ƙarshe ba ta wuce kashi 2.5 cikin 100 ba, kilo biyu da rabi ga mai kilo 100, kuma ba wanda zai sa ran kilo biyu da rabi su hana bugun zuciya. Sannan suna kafa hujja da wani nazari da aka sake yi wa alƙaluman a 2016, wanda ya nuna cewa duk wanda ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ko fiye a shekarar farko, haɗarinsa ya ragu da kashi 21 idan aka kwatanta da wanda nauyinsa bai motsa ba. A ganinsu rage nauyi yana aiki, ƙarancinsa ne ya sa ba a ga amfanin a kan kowa ba.

Hujja ta uku ta fi jan hankalina, domin ta shafi irin abincin da kuma tsawon lokaci. Look AHEAD ya ƙirga kalori ne ya kuma rage maiƙo. A Sifaniya kuwa gwajin PREDIMED ya ɗauki mutum 7,447, kusan rabinsu masu ciwon suga, bai ce su rage ci ba, bai sa su motsa jiki ba. Abin da ya yi shi ne ya karkata su ga kayan lambu da wake da kifi, ya ba wasu man zaitun kimanin lita ɗaya a mako don gidansu, wasu kuma giram 30 a kullum na ƙwayoyin itatuwa masu mai, dangin almon. Cikin ƙasa da shekara 5 manyan matsalolin zuciya da jijiyoyi suka ragu da kusan kashi 30 cikin 100, kuma mafi yawan raguwar a shanyewar ɓarin jiki take. An janye rahoton farko na 2013 saboda an gano kurakurai a yadda aka yi ƙuri'a a wasu cibiyoyi, aka sake buga shi a 2018 bayan gyara, sakamakon bai sauya sosai ba, ko da yake ƙarfin hujjar ya ragu. A garin Da Qing na ƙasar Sin kuma, a 1986 aka fara da mutum 577 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba, aka koya wa wasu abinci da motsa jiki na shekara 6 kacal. Bayan shekara 20 ba a iya tabbatar da amfani ga zuciya ba. Bayan shekara 30, a rahoton 2019, mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 33 cikin 100, kuma sun samu ƙarin kwana na kusan shekara ɗaya da rabi. Jijiyar jini shekaru take ɗauka tana toshewa, don haka wanda ya fara da wuri kuma aka jira shi da yawa shi ne yake ganin riba.

Idan aka ɗora waɗannan hujjoji a ma'auni, ba dukansu ne ke tsayawa ba. Nazarin kashi 10 cikin 100 shi ne aka fi yaɗawa, kuma shi ne mafi rauni, domin ya fita daga ƙuri'a ya koma zuba ido. Wanda ya iya zubar da kilo 10 a shekara ɗaya ba irin wanda ya kasa ba ne: mai yiwuwa ya fi lafiya, ya fi natsuwa, ya fi kiyaye shan maganinsa. Ba za a iya cewa nauyin ne ya cece shi ba. Maganar cewa gida na biyu sun sha magani da yawa gaskiya ce, amma idan aka lura, tana ƙarfafa abokan gardama ne, domin ma'anarta ita ce ƙwayoyi sun cike gurbin da wahalar shekara 10 ta buɗe. Da Qing kuwa gwaji ne ƙarami, a kan mutanen da ba su kamu ba tukuna, kuma takwaransa na Amurka bai maimaita sakamakonsa ba. Saboda haka ina ganin wajibi ne a karɓi abin da Look AHEAD ya nuna kai tsaye, ba tare da kewaye-kewaye ba: ga mai ƙiba da ya riga ya kamu da suga, wanda yake samun kulawar likita da magunguna yadda ya kamata, ƙara masa shirin rage nauyi ba a tabbatar yana hana bugun zuciya ba. Likitan da ya yi masa alkawarin hakan ya faɗi abin da ba shi da shaidarsa.

Amma masu sukar sun wuce gona da iri da suka mayar da wannan hukunci na zuciya ya zama hukuncin komai. Gwajin guda, da ƙuri'ar guda, ya auna wasu abubuwa, kuma a can bambancin ya fito. Kamuwa da mummunan ciwon ƙoda ya ragu da kashi 31 cikin 100 a gida na farko, kuma duk wanda ya san abin da wankin ƙoda ke yi wa jiki da aljihun dangi ba zai kira wannan ƙaramin abu ba. Haɗarin rasa ikon tafiya da hawa bene da sunkuyawa ya ragu da kashi 48 a shekara 4 na farko. Ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda ke tare da minshari mai ƙarfi, ta yi sauƙi. Baƙin ciki mai kai mutum ƙasa ya ragu. Kwanciya a asibiti ta ragu da kashi 11 cikin 100 a shekara, yawan magungunan da ake sha ya ragu, har aka ƙiyasta rarar dala 5,280 ga kowane mutum a shekara 10. A shekarar farko kashi 11.5 cikin 100 sugansu ya sauka ƙasa da matakin ciwo ba tare da magani ba, a ɗaya gidan kashi 2. Daga baya gwajin DiRECT a Birtaniya, ƙarƙashin Roy Taylor da Mike Lean, ya matsa fiye da haka da abinci mai kalori kusan 850 a yini na 'yan watanni, a kan waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba: kashi 46 cikin 100 ciwon ya lafa musu a shekara ɗaya, kashi 36 a shekara biyu, kuma a cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. Babu ƙwayar kitsen jini da ke mayar wa dattijuwa ikon tashi daga sujada ba tare da ta dafa bango ba. A taƙaice, gida na farko sun kai inda gida na biyu suka kai a lafiyar zuciya, da magani kaɗan, da ƙoda mafi lafiya, da ƙafafu mafi ƙarfi.

A nan ne maganar ta taɓo mu, domin gida na biyu na Look AHEAD, mutanen da kowanne ke da likita da takardar magani da gwajin jini a kai a kai, ba su da yawa a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Kuma abin da ya fi kayar da mutanenmu ba lallai ne ya zama irin na Amurka ba. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da Kano da Zariya, ya kwatanta mutum 2,118 da suka yi shanyewar ɓarin jiki da wasu 2,118 da ba su yi ba, aka buga shi a 2018. Hawan jini ne ya ɗauki kaso mafi girma da nisa, kusan kashi 91 cikin 100 na haɗarin. Bayansa sai kitsen jini, yawan cin nama, girman tumbi, ciwon suga, ƙarancin cin ganye, damuwa da ƙara gishiri a kan abinci. Shi ma binciken zuba ido ne, bai kai ƙuri'a ƙarfi ba, amma saƙonsa ya dace da abin da aka sani a ko'ina. Wani zai ce tunda magani ya yi tsada, to abinci da motsa jiki su ne mafita a wurinmu, kuma amfaninsu zai fi fitowa inda babu ƙwayoyin da za su rufe shi. Hankali yana karɓar wannan, kuma mai yiwuwa haka ne. Sai dai ina tsoron inda wannan tunani ke kai mutane. Empagliflozin da liraglutide sun fi ƙarfin mafi yawan aljihu, amma amlodipine da lisinopril na hawan jini, da atorvastatin, da metformin, tsofaffin magunguna ne da ake samu a kantin magani na unguwa, kuma su ne aka tabbatar suna rage shanyewar jiki da bugun zuciya, musamman na hawan jinin da na kitsen.

Kuskuren da ya fi kisa a wurinmu shi ne na wanda ya koma cin acca da tuwon alkama, ya daina shan lemon kwalba, ya ga sugansa ya sauka a na'ura, sai ya ajiye maganin hawan jini yana cewa ya warke. Hawan jini ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa, kuma saukar suga ba ta nufin saukarsa. Irin wannan mutum, wanda ya yi ƙoƙari na gaske, shi ne Look AHEAD ya kamata ya gargaɗa, domin mutanen da aka gwada ba a ce su ajiye magani da kansu ba. Likita ne yake ragewa bayan ya auna. Abin da ya fi kusa da amsa shi ne gwajin Steno-2 na Denmak. An ɗauki masu ciwon suga 160 waɗanda ƙodarsu ta fara nuna alama, aka haɗa wa rabinsu komai lokaci guda: gyaran abinci, motsa jiki, barin taba, maganin hawan jini, na kitsen jini, na suga da asfirin. Bayan kusan shekara 8 matsalolin zuciya da jijiyoyi sun ragu da rabi. Bayan shekara 21 an tarar sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara 8. Masu binciken da kansu sun jingina mafi yawan ribar ga maganin kitse da na hawan jini. Mutum 160 ba yawa ba ne, amma sakamakon babba ne.

Akwai masu cewa faɗar wannan gaskiya za ta kashe wa marasa lafiya gwiwa. Tsoron bugun zuciya, in ji su, shi ne ke sa mutum ya bar malmala ta biyu. Idan aka ce masa ba a tabbatar ba, sai ya koma gidan jiya. Na fahimci damuwar, amma ban yarda da ita ba. Alkawarin da ba shi da tushe yana rushewa ranar da maƙwabci mai kiyaye abinci ya faɗi, sai unguwa duka ta yanke cewa maganar likita ba ta da amfani, har da wadda take gaskiya. Kuma tsoron abin da zai faru bayan shekara 15 bai cika riƙe mutum a bakin kwano ba. Abin da ke riƙe shi shi ne wanda yake gani da idonsa cikin wata uku: gwiwa ta daina ciwo, barci ya yi daɗi, fitsarin dare ya ragu, likita ya cire ƙwaya ɗaya daga cikin biyar, kuɗin magani na wata ya sauka. Waɗannan duk an tabbatar da su, kuma sun isa dalili. Game da zargin da ake ɗora wa wanda nauyinsa ya komo, Look AHEAD ya wanke shi: mutanen da ake kira a waya, ake ba su abinci kyauta, ake zama da su shekara da shekaru, su ma wani kaso na nauyin ya komo musu. Jiki ne yake ƙara yunwa ya kuma rage ƙona abinci idan ya ga kitse ya tafi. Duk da haka kashi 6 cikin 100 da suka riƙe ya ishe su samun ribar ƙoda da ta ƙafafu.

Abin da za a ɗauka a aikace ba shi da wuyar fahimta, wuyarsa a riƙewa take. Man zaitun lita guda a mako ba na kowa ba ne, kuma ba a gwada man gyaɗa ko gyaɗa a irin wancan gwaji ba, don haka kada a ce daidai suke. Amma tsarin kwanon ana iya kwaikwayonsa da abin da ke kasuwa: a rage malmalar tuwo ko shinkafa, a yawaita miyar ganye, zogale da rama da alayyahu da kuɓewa, wake ya riƙa maye gurbin wani ɓangare na hatsi da nama, kifi ya shigo idan an samu, a bar lemon kwalba da shayi mai cokali uku na suga. Tuwon alkama da acca su ma hatsi ne, yawansu yana ɗaga suga. Gishiri kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya yana cikin lissafin. Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako ta ce, wanda ke nufin sassarfar rabin awa kwana biyar a mafi ƙaranci, tare da ɗan aikin ƙarfi da ke riƙe tsoka da ƙashi yayin da nauyi ke sauka. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin dole ya gaya wa likita kafin ya rage ci ko ya ƙara tafiya, domin sugansa na iya faɗuwa ƙasa har ya suma. Wanda ƙafarsa ta daina jin zafi ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafinsa kowace yamma. Wanda ke jin nauyi a ƙirji idan ya yi sauri ya tsaya a duba shi tukuna.

Sauran aikin na asibitoci ne. Kashi 6 cikin 100 ɗin nan na Look AHEAD ya samu ne da mai ba da shawara da ke tuntuɓar kowane mutum aƙalla sau ɗaya a wata har shekaru, ba da jimla ɗaya ta "a rage ci" ba. Asibitin da yake son masu ciwon suga su sauke nauyi sai ya ware musu ma'aikacin da ya san abincin garin, ya sa musu ranar zama a rukuni, ya auna nauyi da kugu da hawan jini duk zuwa, ya kuma tambayi kowane ɗaya, kafin a fara maganar tuwo, ko ya sha maganin hawan jininsa jiya da yau.